Saiwar Da Ba A Rubuta Sunanta A Kwalba

Daga tsakiyar birnin Cape Town zuwa kwarin Constantia bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba, in dai ba ka faɗa cunkoson tashi daga aiki ba. Hanyar tana bi ta gindin Dutsen Tebur ta zagaya bayansa. Sai ka ga dogayen benaye sun ƙare, itatuwa sun rufe sama, ga layukan inabi nan sun hau gangare a jere, kowane layi an ɗaure shi a waya. Can ƙasa ana hango tekun False Bay, inda iskar kudu maso gabas ke tasowa a lokacin zafi tana sanyaya gonakin, tana kuma busar da laimar da ke kawo wa ganye cuta. Ruwan samansu a cikin sanyi yake sauka, daga Mayu zuwa Agusta. Girbi kuwa sai Fabrairu da Maris, lokacin da ƙasa ta bushe.

Abin da ke kawo yawancin baƙi shi ne ɗanɗano. Ana biyan kuɗi a zauna gaban dogon teburi, a zuba wa mutum giyar inabi kala biyar ko shida, kowace 'yar kaɗan a gindin kofin gilashi. Zai juya kofin, ya kai hanci, ya kurɓa, wani ma ya tofar a wani mazubi da aka ajiye don haka. Mai zubawa tana gefe tana bayani: wannan daga gangaren sama aka tsinko inabinta, waccan ta daɗe a gangar katako kafin a sa ta a kwalba. Ni ba na sha, kuma na san akasarin masu karanta wannan rubutu haka suke. Amma gona gona ce. Wanda ya tashi a gidan noma ba zai rasa abin dubawa a gonar wani ba, ko da abin da ake yi da amfanin ba ya shiga bakinsa. Ina ma ganin wanda bai zauna a teburin ba ya fi samun sararin kallon ƙasa.

Labarin da ake ba baƙi mai daɗin ji ne, kuma gaskiya ne. Turawan Holan sun kafa zango a wannan tsinin Afirka a 1652, don jiragen kamfaninsu masu zuwa Gabas su riƙa samun ruwa da abinci. Ranar 2 ga Fabrairu, 1659 aka fara matse inabin da aka noma a wurin. A 1685 shugaban zangon, Simon van der Stel, ya sami fili a wannan kwari ya sa masa suna Constantia. Bayan Hendrik Cloete ya sayi babban ɓangaren gonar, wato Groot Constantia, a 1778, giyarta mai zaƙi ta yi suna har fadojin Turai. Napoleon ma, da Ingila ta tsare shi a tsibirin Saint Helena daga 1815 har mutuwarsa a 1821, ana kai masa ita. Sirrinta shi ne ba a gaggawar tsinke inabin. Ana barinsa a jikin kuranga har ya fara yamushewa ya kusa zama zabibi, ruwa ya ragu, sukari ya taru. Gonar Klein Constantia da ke maƙwabtaka ta farfaɗo da irin wannan giya a 1986 da sunan Vin de Constance. A Groot Constantia za a nuna maka farin gidan mai rufin ciyawa, da ɗakin ajiyar giya na 1791 mai sassaƙa a goshinsa. Mutane su ɗauki hoto su wuce.

To amma ka bar gidan, ka shiga tsakanin layukan, ka durƙusa a gindin kowace kuranga da ka ga dama. Ɗan sama da ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, za ka ga wani ƙullutu a jikin itacen. Duba ta kusa da ita, ita ma tana da shi. Duk layin haka yake, kusan duk ƙasar ma haka take. Wannan ƙullutu tabon aure ne, irin dai wanda muke yi wa mangwaro da lemo: sama itace daban, ƙasa itace daban. Abin da ke sama, mai ganye da 'ya'ya, ɗan asalin Turai ne, shi ne mai suna: Sauvignon Blanc, Chenin Blanc, Muscat, Shiraz. Abin da ke cikin ƙasa kuwa jinin inabin dajin Amurka ne, wanda 'ya'yansa ba su da wani daɗin da za a yi fahariya da shi.

Tilas ce ta kawo wannan aure. A tsakiyar ƙarni na 19 masu sha'awar tsirrai sun riƙa ɗauko kurangun Amurka suna kai wa Turai, ba su san sun ɗauko da wani ɗan ƙwaro ba, mai suna filoksera, wanda da kyar ido ke ganinsa. Yana zama a saiwa yana tsotsa. Saiwar inabin Amurka ta saba da shi tun fil azal: inda ya ciza sai ta yi ɓawo ta rufe wurin. Saiwar inabin Turai ba ta san wannan dabara ba. Inda ya ciza sai ya kumbura, ya ruɓe, cikin 'yan shekaru kuranga ta bushe a tsaye. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a farkon shekarun 1860. Tsakanin 1875 da 1889 giyar da Faransa ke samarwa ta faɗi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Babu abin da ba a gwada ba. An malala wa gonaki ruwa don a nutsar da ƙwaron, an ɗura wa ƙasa guba, gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga duk wanda ya samo magani, kuma ba a taɓa biyan kowa ba. A 1886 ƙwaron ya iso yankin Cape, ya tarar da manoma dama suna cikin wani hali, domin tun 1861 Ingila ta janye musu rangwamen harajin da suke taƙama da shi a kasuwarta.

Maganin yana nan a fili, amma girman kai ya sa an daɗe ana ja da shi. Manyan manoman Faransa sun ga ƙasƙanci ne a ɗora inabin kakanninsu a kan saiwar daji, suna tsoron kada warin inabin Amurka ya hau cikin giyarsu. Bai hau ba. Reshen sama ya ci gaba da haifar 'ya'yan da ya saba haifa, saiwar ƙasa ta ci gaba da shan cizo tana tura masa ruwa. Har yau ba a kawar da ƙwaron daga ƙasa ba, zama da shi kawai aka koya.

A Afirka ta Kudu garin Wellington ne cibiyar wannan sana'a. Daga gidajen renon tsirrai na can mafi yawan dashen ƙasar ke fitowa. Yadda ake shirya saiwar ya cancanci a tsaya a kansa. Ana yanko sandar inabin Amurka, sai a bi ta da wuƙa a ƙwaƙule duk idanun da za ta iya tsiro da su, don kada ta fitar da reshe nata na kanta. Sannan a haɗa kanta da ɗan guntun reshen Turai mai ido ɗaya, a tsoma mahaɗin a kakin zuma ko makamancinsa, a ajiye a wuri mai ɗumi da laima har su manne. In an dasa, ana lura kada ƙasa ta rufe mahaɗin, domin reshen sama zai yi tasa saiwar, ƙwaro ya same shi. In kuwa saiwar ta yi gardama ta ɓullo da tsiro daga ƙasa, ma'aikaci zai zo ya ɓalle shi. Ita ce ke jure fari, ita ce ke jure gishirin ƙasa da tsutsa, da ita ake auna ƙarfin da kuranga za ta yi. Amma ko suna na kirki yawancinsu ba su da shi, sai lamba: Richter 99, Richter 110, 101-14. Ka ɗauki kwalba ka juya ta gaba da baya, za ka ga sunan gona, da irin inabin sama, da shekarar girbi, wani lokaci har da sa hannun mai haɗa giyar. Da wuya ka ga an ambaci saiwa.

Wanda ya lura da wannan ba zai ƙara kallon farin gidan nan da idon da ya shigo da shi ba.

Noman inabi aikin hannu ne tun daga farko har ƙarshe. Sabon dashe sai ya shekara uku kafin ya ba da amfanin kirki. Kowane sanyi, a Yuli da Agusta, ana bin kuranga ɗaya bayan ɗaya da almakashi a datse kusan duk rassan bara, a bar 'yan idanu kaɗan. Wanda bai iya ba zai lalata girbin shekara biyu da yanka ɗaya. Ga ɗaurin rassa, ga rage ganye don rana ta shiga, ga tsinka da asuba kafin zafi ya taso. Van der Stel da Cloete ba su suka yi wannan ba. Tun 1658 jirage suka fara sauke bayi daga Angola da gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya aka koma kwaso su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya. Su ma an ƙwaƙule musu sunayensu. Mai saye zai raɗa wa bawa sunan watan da ya saye shi, ya liƙa masa sunan tashar da aka ɗauko shi. Shi ya sa har gobe a yankin Cape za ka haɗu da iyalai masu sunan zuriya January, February ko September. A tsofaffin gonaki da yawa ƙararrawar kiran bayi tana nan rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu, an shafe ta da fenti, amare suna ɗaukar hoto a gabanta.

Musulmin da ya je Constantia yana da wani dalilin tsayawa. A bakin gonar Klein Constantia, cikin itatuwa kusa da rafi, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, ba nisa kuma akwai na Sayyid Mahmud. Manyan mutane ne daga Sumatra da Turawan Holan suka koro a ƙarshen shekarun 1660 saboda sun ƙi miƙa wuya, aka jefa su wannan daji tun kafin a dasa inabi a cikinsa. Sun riga gonar zuwa. A 1694 kuma aka kawo Shehu Yusuf na Makassar, a zamanin mulkin shi wannan van der Stel, aka ajiye shi a Zandvliet nesa da gari don kada ya haɗu da bayi; ya rasu a 1699, amma haɗuwar da ake gudu ta riga ta faru. Masana tarihin wurin sun nuna wani abin mamaki game da yaɗuwar Musulunci a tsakanin bayin. Wata doka ta 1770 ta hana sayar da bawan da aka yi wa baftisma, sai masu bayi suka daina son bayinsu su zama Kirista, don kada dukiyarsu ta maƙale a hannu. Wasu ma sun fi son bawa Musulmi saboda ba ya sha, ana iya ba shi amanar kaya da keken doki. Mai giya ke nan yana neman wanda ya ƙi giya ya tsare masa ita.

Kada dai a ɗauka labarin fari da baƙi ne kawai, an raba layi tsaf. Shi kansa van der Stel kakarsa ta wajen uwa 'yantacciyar baiwa ce daga Indiya. Bayan mutuwarsa a 1712 Groot Constantia ta koma hannun Oloff Bergh, da shi ma ya mutu ta zama ta matarsa, Anna de Koningh, wadda aka haifa cikin bauta, 'yar wata baiwa daga Bengal. Da Anna ta zama uwar gida a farin gidan, ita ma bayi ne suka yi mata noma.

An soke bauta a yankin ranar 1 ga Disamba, 1834, amma aka tilasta wa bayin ƙarin shekara huɗu a hannun iyayengijinsu da sunan koyon aiki. Da 1838 ta zo, ga 'yanci amma babu fili, babu jari, babu wurin zuwa. A nan ne manoma suka ƙara riƙe wata tsohuwar al'ada da suke kira dop. Ma'aikaci ana ba shi wani ɓangare na ladansa da giya. Ba wadda ake kai wa sarakunan Turai ba, tarkacen da ba zai sayu ba. Ana auna masa a gwangwani sau da yawa a yini: da safe kafin a shiga gona, da hantsi, da rana, da yamma in an tashi. Al'adar ta samo asali tun zamanin shugaban zangon na farko, Jan van Riebeeck, wanda a 1658 ya sa a riƙa ba yaran bayi 'yar barasa da taba don su zauna a makaranta.

A duk abin da na sani na zaluncin aiki, ban ga mai wayo kamar wannan ba. Mai gona ya rabu da kayan da ba su da kasuwa, ya rage kuɗin da zai fitar daga aljihu, kuma ya sami ma'aikacin da ba zai iya barinsa ba, domin jikinsa ya riga ya saba, kuma a gonar ce kawai ake ba shi kullum ba tare da ya biya ba. Gidan da yake kwana ma na mai gona ne. Ranar da ya bar aiki, ranar zai kwashe iyalinsa. An cire sarƙar ƙarfe, an sa masa wadda shi da kansa zai riƙa miƙa hannu yana karɓa. Sannan a juyo a ce ai mutanen nan mashaya ne, ba su da tattali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, a nan har da zagi aka ƙara wa kurar.

Doka ta hana biyan lada da giya tun farkon shekarun 1960, amma a takarda kawai. A gonaki da yawa an ci gaba har shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, kuma dokar barasa ta 2003 ta sake jaddada haramcin. Sai dai abin da aka shekara ɗari uku ana ɗura wa al'umma ba ya fita da sa hannun minista. Mace mai ciki in tana sha, barasar tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi, a haife shi da ƙaramin kai, da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa. Binciken likitoci a garuruwan inabi na Yammacin Cape ya samu yawan irin waɗannan yara yana cikin mafi muni da aka taɓa aunawa a duniya. Ɗaya daga cikin garuruwan da aka fi yin wannan bincike shi ne Wellington, garin renon saiwa.

Ita Constantia a yau unguwar masu hannu da shuni ce, kuma wannan ma da dalili. A shekarun 1960 gwamnatin wariya ta ayyana kwarin a matsayin na fararen fata zalla. Iyalan da suka yi zuriya bayan zuriya a wurin suna noman furanni da kayan lambu, da yawansu jikokin bayin gonakin, aka kwashe su zuwa fegin yashi na Cape Flats. Masallacinsu da maƙabartunsu da coci-cocinsu suna nan a kwarin, su kuwa sai dai su hau mota su zo.

Zan yi rashin adalci in na ce babu abin da ya canza. Tsohon gidan Groot Constantia ya zama gidan tarihi, kuma ba a ɓoye batun bayin da suka yi aiki a gonar. Akwai gonakin da suka ba ma'aikata hannun jari, akwai masu sa ido kan yadda ake biyan lada. Ntsiki Biyela, wadda ta tashi a ƙauye a KwaZulu-Natal, ta yi karatu a Jami'ar Stellenbosch, a 2004 ta zama baƙar mace ta farko mai haɗa giya a ƙasar. Da ta kafa nata kamfani ta sa masa sunan kakarta da ta rene ta, Aslina. Ko me mutum yake gani game da sana'ar, wannan suna ne irin wanda a da ba ya hawa kwalba. Amma filayen har yanzu mafi yawansu suna hannun da suke tun da, kuma mai zuba giya a teburi da mai riƙe almakashi a layi yawanci launinsu ɗaya, ba kuma launin mai gona ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk rigimar mashaya ce, mu da ba ma sha ina ruwanmu. Ba inabin giya kaɗai yankin ke nomawa ba. Ka bi babbar hanyar N1 daga Cape Town ka haura duwatsu, bayan kamar awa biyu za ka sauka kwarin kogin Hex, inda ake noman inabin ci, irin wanda ake zubawa a 'yan robobi a tura ƙasashen waje. Wani ɓangare na inabin da ake gani a manyan kantunan Abuja da Kano daga Afirka ta Kudu yake zuwa, kuma mu muke saye mu kai wa marar lafiya a asibiti, ko mu ajiye a faranti lokacin buɗa baki.

A wannan kwari, a garin De Doorns, ma'aikata suka ajiye almakashi a ƙarshen 2012. Mafi ƙarancin ladan yini a lokacin rand 69 ne, su kuma suka ce sai 150. Suka tare babbar hanya, aka cinna wa wasu gonaki wuta, yajin ya bazu zuwa garuruwan maƙwabta, an kuma rasa rayuka a arangama da jami'an tsaro. Da yawa daga cikin waɗanda suka ja gaba ba ma'aikatan dindindin masu zama a gidajen gona ba ne. 'Yan aikin kaka ne, mata da yawa a cikinsu, masu kwana a unguwannin kwano a gefen gari, wasu daga Gabashin Cape, wasu daga Lesotho da Zimbabwe. Ba su da gidan mai gona da za a yi musu barazanar kora daga cikinsa. Daga 1 ga Maris, 2013 gwamnati ta ɗaga ladan zuwa rand 105. Wasu masu gonaki suka biya, wasu suka nemi a ɗaga musu ƙafa, wasu kuma suka rage awannin aiki, suka sallami na dindindin, suka koma ɗaukar 'yan kwana-kwana ta hannun dillalai, waɗanda ke zuwa da babbar mota da asuba su zaɓi adadin da ake buƙata a ranar.